Laifin Fiyano Ne, Ko Na Mai Taɓa Shi?

Mai karatu, don Allah in ka samu sarari yau da dare, ɗauko kowane fim ɗin Hausa na sarauta da ka ga dama, na da ko na yanzu, ka kai shi daidai inda sarki zai fito fada. Daga nan sai ka rufe idonka, ka bar kunnenka ya yi maka kallon. Kafin ka rufe idon ka ga rawani da alkyabba, ka ga dogarai da jajayen riguna, ka ga fadawa sun zube. To, me kunnen ya gaya maka? Sau da yawa abin da za ka ji shi ne gogen Turawa kamar guda ashirin suna kuka tare, irin wanda ake sa wa fim in jirgin ruwa zai nutse. In kuma an tausaya maka, sai ka ji wata aba tana ƙoƙarin zama algaita, amma kamar algaitar da mura ta kama. Ido yana Zazzau, kunne yana Landan ko Bombai. Haka muke kallo shekara da shekaru, har mun saba.

Duk lokacin da aka tayar da wannan magana sai mutane su rabu gida biyu. Gida na farko na manyanmu ne masu kishin al'ada, waɗanda a wurinsu fiyano shi ne ɗan ta'addan da ya kashe kalangu da goge, kuma maganin abin shi ne a tattara shi a jefar. Gida na biyu na samarin sutudiyo ne, waɗanda amsarsu ɗaya ce ko da yaushe: "Oga, zamani ne, abin da kasuwa ke so ke nan." Ni kuwa ina ganin dukansu biyu sun bar jaki suna dukan taiki. Fiyano akwati ne. Abin da ka zuba masa shi zai amayar maka. Mu kuma yau shekara kusan talatin muna taɓa akwatin da wasu suka zuba wa muryoyin kayan kiɗansu, ba mu taɓa zama mun zuba namu da gaske ba. Domin in nuna maka abin da nake nufi, sai ka yi haƙuri mu ɗan leƙa Ingila, mu dawo Samaru da Sabon Gari.

AKWATIN BIRMINGHAM

A ƙarshen shekarun 1940, wani Ba'amurke mai suna Harry Chamberlin ya yi wani tunani mai sauƙi. Ya ce tunda ana iya ɗaukar sauti a tef, me zai hana a ɗauki makaɗi na gaske yana busa ko yana goga murya ɗaya ɗaya, a sa kowace murya a ƙarƙashin madanni ɗaya na fiyano? Ya ƙera na'urar, ya sa mata sunansa. Daga baya wani dillalinsa ya tsallaka da ita Ingila, inda wasu 'yan'uwa uku, 'yan gidan Bradley na birnin Birmingham, suka gyara ta suka fito da tasu a 1963 da sunan Mellotron. Chamberlin bai ji daɗin yadda abin ya faru ba, sai da aka zauna aka sasanta aka biya shi. Ka riƙe wannan maganar ta biya, za mu dawo kanta.

Yadda Mellotron ke aiki abin sha'awa ne. Ka san zaren da ke cikin kaset? To, a ƙarƙashin kowane madanni akwai irin wannan zaren, ya fi na kaset faɗi. In ka danna, wata 'yar taya sai ta ja zaren ya goga a kan kai mai karanta sauti, sai ka ji abin da aka ɗauka. Zaren ba ya wuce daƙiƙa 8. In ka saki madannin, sifirin sai ya janye zaren ya mayar da shi farko. Samfurin da ya fi shahara, M400 na 1970, madannai 35 gare shi, kowane zare yana ɗauke da muryoyi iri uku, misali sarewa da goge da muryar mawaƙa. Ka lissafa da kanka: 35 sau 8, daƙiƙa 280 ke nan, ko minti biyar bai cika ba. Wato numfashin mai busa guda na ƙasa da minti biyar ya isa a gina masa gidan da zai zauna har bayan ransa. Sarewar da ke buɗe waƙar Beatles ta 1967, "Strawberry Fields Forever", daga wannan akwatin ta fito. Gidan rediyon BBC ma ya sa an yi masa irin nasa, wanda aka cika da ƙarar ƙofa da takun ƙafa da makamantansu, domin wasannin kwaikwayo.

Kada ka ɗauka na'urar kirki ce ta fuskar aiki. Nauyi gare ta, ga lalacewa. Zafi ya dame ta, sanyi ya dame ta, in wuta ta yi ƙasa murya ta karkace. Da na'urorin kwamfuta masu ɗaukar samfurin sauti suka fito, irin su Fairlight ta ƙasar Ostareliya a 1979, sai kasuwarta ta mutu, har aka daina ƙera ta a 1986. A nan ne labarin ya zama namu, domin Turawa ba su ce "zamani ne" suka watsar da zarurrukan a bola ba. Sun adana su. A 2000 wani kamfanin Ingila, GForce, ya fito da manhajar M-Tron wadda ta kwashe waɗannan tsofaffin muryoyi ta sa su cikin kwamfuta. A 2007 kamfanin Streetly ya sake ƙera sabuwa mai tef, M4000. A 2010 aka fito da M4000D a ƙasar Suwidin, wadda babu zare ko ɗaya a cikinta, amma muryoyin na asali ne. A 2019 kamfanin Arturia na Faransa ya fito da tasa manhajar, wadda har za ka iya zuba mata naka sautin. Abin dariya ma, ɗan rawar muryar nan da tsohon zare ke yi, wanda a da ake ganin aibi ne, yanzu da gangan ake saka shi, har da maɓallin ƙara shi ko rage shi. Da tsohuwar zuma ake magani, in ji Bahaushe, sai ga shi Bature ne ya aikata.

Darasin a fili yake. Sun canza gangar jikin na'urar sau uku ko huɗu, daga zare zuwa kwamfuta, amma makaɗan da aka ɗauka tun shekarun 1950 da 1960 su ne dai ke busawa a ciki har yau.

MU KUMA FA?

Tarihin namu kowa ya san shi. Tun daga Turmin Danya na 1990, finafinan farko da dama da kayan gargajiya aka yi musu kiɗa. Zuwa tsakiyar shekarun 1990 sai fiyanon Yamaha samfurin PSR ya shigo sutudiyoyin Kano, kuma da Sangaya na kamfanin Sarauniya ya fito, wanda Ali Nuhu da Fati Mohammed suka ja, magana ta ƙare: kowane furodusa irin wannan kiɗan yake so. Farfesa Abdalla Uba Adamu ya yi rubuce-rubuce masu yawa kan wannan sauyi, duk mai son tarihin sai ya neme su.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne me ke cikin akwatin. A 1991 kamfanonin ƙera kayan kiɗa suka amince da wani tsari da ake kira General MIDI, wato jerin muryoyi 128 da ake sa ran samu a kowane fiyano mai bin tsarin. A cikin jerin akwai rukunin kayan kiɗan al'ummomi guda 8. Akwai sitar da shanai na Indiya, akwai koto da shamisen na Japan, akwai banjo, akwai kalimba, akwai algaitar salka ta mutanen Sukotland, akwai gogen ƙauye na Turawa. Babu kalangu. Babu goge namu, babu kukuma, babu garaya, babu gurmi, babu algaita. To, yaya makaɗanmu suka yi? Sai suka shiga aro. Shanai ta zama algaita tunda 'yan'uwan juna ne a busa. Banjo ko shamisen suka tsaya a madadin garaya. Gogen Bature ya sa hula ya ce shi ne kukuma.

A gaskiya dole a sara wa waɗannan samari na farko. Babu makarantar kiɗa, babu littafi, da kunne kawai suka laluba cikin kayan Japan suka fito da abin da ya sa Arewa duka rawa. Kafin su ma, a Jamhuriyar Nijar, Mamman Sani ya yi irin wannan da wani fiyanon lantarki ɗan Italiya, ya fitar da kaset ɗinsa a 1978, wanda kamfanin Sahel Sounds na Amurka ya sake bugawa a 2013 duniya ta yi ta mamaki. Ba su da laifi, domin wanda bai samu tuwo ba ai ba a hana shi shan kunu. Amma abin da ya halatta ga mai lalura a 1999, ta yaya zai zama ado ga wanda ke da kwamfuta a cinya yau? Kayan aro ba ya rufe katara. Kuma kana sane da cewa kamfanin Yamaha ya yi wa Indiyawa nasu fiyanon na musamman mai tabla da sitar, irin su PSR-I500, ya yi wa Larabawa da Turkawa jerin PSR-A mai muryoyinsu da ma'aunin sautinsu? Ba don sun fi mu kyau aka yi musu ba. Kasuwarsu ce ta nuna ba za ta karɓi jabu ba.

Yau kuwa ba ma sai mun jira wani kamfani ba. Manyan fiyanon PSR na yanzu suna karɓar muryar da ka ɗauka da kanka. Manhajar FL Studio da yaranmu suka haddace kamar karatun allo tana da wurin zuba samfurin sauti. Akwai Kontakt, akwai ma na kyauta irin Decent Sampler. Aikin da 'yan gidan Bradley suka yi da ƙarfe da sifirin da zare, yau ɗalibin difloma zai yi shi da makirfo mai kyau da ɗaki marar hayaniya. Ƙofa a buɗe take, mu ne muka tsaya a waje muna leƙe.

TSAKANIN SAMARU DA SABON GARI

In akwai garin da bai kamata a ji wannan kunyar a cikinsa ba, to Zariya ce. Ka duba abin da Allah ya tara mana a kan titi ɗaya. A Samaru ga Jami'ar Ahmadu Bello, wadda tun 1962 take nan, ga sashen wasan kwaikwayo, ga masana Hausa, ga injiniyoyin lantarki, ga 'yan kwamfuta. Ita ce jami'ar da ta ba Alhaji Mamman Shata digirin girmamawa a 1988, wato ta riga ta yarda cewa kalangu ilmi ne. Ka hau mota ka wuce Kwangila, cikin 'yan mintoci kana Sabon Gari, inda ƙananan sutudiyoyi suke, inda masu gyaran rediyo da amfilifaya suke, mutanen da in ka ba su tsohuwar rakoda za su tashe ta ko ta shekara ashirin a sume. Ka ƙara gaba ka shiga Birni, ga fadar Zazzau da masu kakaki da algaita da tambari. A garin nan Hassan Wayam ya zauna da kukumarsa. Kai, ga kuma Kwalejin Fasaha ta Nuhu Bamalli, inda kowace shekara ɗalibai ke neman abin da za su ƙera na kammala karatu.

Masu ilmi suna gefe ɗaya, masu na'ura suna gefe ɗaya, masu kiɗan suna gefe ɗaya, kuma kuɗin mota tsakaninsu bai kai na katin waya ba. Amma yaron sutudiyo a Sabon Gari ya gwammace ya kwana yana sauke gangunan Afirka ta Kudu daga intanet, da ya je ya gaida mai kalangun da ke bayan layinsu. Ɗalibi a Samaru kuma zai rubuta kundi mai shafi ɗari kan "gudummawar makaɗan gargajiya", a ɗaure shi da baƙin bango a jera a kanta, babu sautin daƙiƙa ɗaya a tare da shi. Kiɗa ake ji, ba a karanta shi.

Wani abin da zai ba ka haushi: a farkon shekarun 1960, daidai lokacin da ake haɗa Mellotron a Birmingham, wani masani Ba'amurke, David Ames, yana nan ƙasar Zazzau da rakodarsa yana ɗaukar makaɗanmu. Abin da ya ɗauka ya fito a faifai a Turai cikin jerin UNESCO, kuma shi da Anthony King suka wallafa ƙamus na kalmomin kiɗan Hausa a 1971. Baƙo ya san darajar abin tun kafin a haifi iyayen wasunmu. Mu da muke da shi a tsakar gida fa?

Ga kuma maganar tsofaffin zarurruka. Gidan Rediyon Kaduna ya fara aiki tun 1962, kuma ta nan Arewa ta san muryoyin su Shata da Ɗanƙwairo da Ɗan Maraya Jos. Ban da na gidajen rediyo, akwai dubban kaset a cikin kwalaye a gidajen mutane da shagunan tsofaffin masu sayar da kaset. Zaren kaset ba dutse ba ne. Roba ce aka shafa mata garin ƙarfe da gam. Zafin bazara yana cin ta, danshin damina yana sa ta yi fumfuna ko ta manne, ƙurar hunturu tana kankare ta. Wani zaren in ya manne sai an gasa shi a hankali cikin ɗumi kaɗan na sa'o'i kafin ya yarda a juya shi, kuma wannan aikin ƙwararru ne, kada wani ya ji ya sa kaset ɗin kakansa a tanda. Shata ya rasu a 1999, Barmani Choge a 2013, Ɗan Maraya a 2015. Ba za su dawo su sake yi mana ba. Duk zaren da ya mutu yau, da abin da ke cikinsa ya tafi.

ABIN DA NAKE KIRA A YI

Abu biyu ne, kuma kada a haɗa su. Na farko, a kwashe tsofaffin zarurruka a mayar cikin kwamfuta da inganci, a rubuta sunan mai kiɗa da wuri da shekara in an sani, a ajiye kwafi a wurare fiye da ɗaya. Wannan taska ce ta saurare da koyo. Ba wai a yanko muryar Shata a liƙa a waƙar soyayya ba, a'a, wannan cin amana ne.

Na biyu shi ne aikin Mellotron ɗin kansa: a gayyato makaɗan da ke raye, a ɗauke su murya ɗaya ɗaya. Ɗauki misalin goge. A ce muryoyi 15 za a ɗauka, kowace a yi ta a hankali, a yi ta tsaka-tsaki, a yi ta da ƙarfi, sannan kowace a yi doguwar ja, da gajeriya, da mai karkarwa. Ka ga 15 sau 3 sau 3, guda 135 ke nan. Aikin yini ɗaya ne ga mai goge, sai na mako biyu ga mai yankawa da jerawa. A yi wa kukuma haka, da garaya, da gurmi, da molo, da sarewa, da kuntigi, da ƙwarya, da shantu, da duma. Kada a goge ƙarar izgar doki a kan tsirkiya, kada a share numfashin mai sarewa. Abin da ya sa ake son Mellotron har yau shi ne ana jin mutum a ciki.

Amma fa in gaya maka gaskiya, mai karatu, ba kowane abu ne zai shiga akwati ya fito lafiya ba, kuma duk wanda ya ce maka zai shiga, bai san kiɗan ba. Kalangu magana yake yi. Makaɗi yana matse tsirkiyoyinsa a hammata, murya ta hau ta sauka yadda harshen Hausa ke hawa da sauka, shi ya sa za a kira sunan mutum ko a yi masa take da kalangu ya waiwayo. Bugu ɗaya da aka ɗauka aka sa a madanni ba zai yi wannan ba, sai dai a ɗauki jimloli sukutum, ko a kira mai kalangun da kansa. Mai algaita kuma yana shaƙar iska ta hanci yana busawa da wadda ya tara a kumatu, sautin ba ya yankewa, ina daƙiƙa 8 za ta kai shi? Sannan fiyano ya raba sautinsa gida 12 daidai wa daida, goge kuwa yatsa ne ke nemo muryarsa, ba lallai ta faɗa kan ma'aunin Bature ba. In ka tilasta mata da manhajar daidaita murya, ka yi mata kaciyar da ba ta nema ba. Fiyano ne ya kamata a karkato zuwa ga goge, kuma na'urorin yanzu suna iya yin haka.

Akwai kuma abin da ko yana shiga, sai an nemi izini. Kakaki da tambari kayan sarauta ne, ba a busa wa kowa, ba a buga wa kowa. In za a ɗauke su don fim ɗin tarihi, a bi ta fada, a faɗi inda za a yi amfani da su. Kada gobe mu ji tambarin Zazzau a ƙarƙashin rawar gala.

MASU CEWA A'A

Na san abin da za a ce. Na farko makaɗan da kansu: "In kun ɗauke muryar gogena kun sa a akwati, gobe wa zai kira ni?" Wannan tsoro ne na gaskiya, kuma ƙungiyar makaɗan Ingila ma ta yi irin wannan ƙorafin a kan Mellotron. Amma mu duba inda muke. Yau ɗin ma wa ke kiran sa? An riga an maye gurbinsa da gogen Japan, ko sisi bai samu ba. Gara a yi da shi bisa yarjejeniya a rubuce: a biya shi kuɗin zama, a ba shi kaso duk lokacin da aka sayar da kundin muryoyin, a sa sunansa a jikin kundin da kuma ƙarshen duk fim ɗin da ya yi amfani da shi. Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya ta 2022 ta san da haƙƙin mai wasa, ta kuma san da kayan al'adun gargajiya. Ka tuna Chamberlin ma sai da aka biya shi. Duk wanda ya kai tsoho sutudiyo ya tatse shi ya sallame shi da kuɗin acaɓa, ɓarawo ne, ko da ya sa wa aikin suna "raya al'ada". Kuma ina da yaƙinin cewa daraktan da kunnensa ya saba da gogen gaske a kwamfuta, ranar da ya zo babban fim, mai gogen zai aika a kira, domin ya riga ya san bambanci.

Na biyu furodusoshi: "Babu kuɗi." Haba alhaji! Akwai kuɗin hayar gidan bene da jerin motoci don fitowa ɗaya, akwai kuɗin jirgin ɗaukar hoto daga sama wanda labarin bai nema ba, amma na sauti ne babu? Rabin fim a kunne yake. Kuma wannan aiki ne na sau ɗaya da industiri duka za ta ci moriyarsa.

Na uku masu cewa kasuwa ba ta so. Yaushe aka ba ta ta ƙi? 'Yan kallon da ke kunna Shata da Ɗanƙwairo a waya har gobe, su ne dai ke kallon finafinanmu masu dogon zango a YouTube da Arewa24. Ba wanda ya ce a daina kiɗan zamani. A yi shi, a yi na Indiya ma in ana so. Amma in labari ya kai mu fada, ko gona, ko ɗakin amarya, ko dandalin dambe, kunne yana da haƙƙin ya je inda ido ya je.

Na huɗu su ne manyanmu masu cewa a jefar da fiyano gaba ɗaya. Ranku ya daɗe, wannan ba zai yiwu ba, kuma kun sani. Yaron da ya tashi da kwamfuta ba zai koma baya ba. In kuna son jikokinku su san kukuma, sai kukuma ta same su inda suke zaune. Yanzu ma ga manhajoji sun fito masu haɗa waƙa da kansu, kuma daga abin da aka tara musu suke koyo. Al'ummar da ba ta adana sautinta da sunanta ba, wasu ne za su yanke mata yadda za a riƙa jin ta.

Saboda haka kirana ga mutanen Samaru da Sabon Gari ne kafin kowa. Malami ɗaya a jami'a ko kwalejin fasaha ya ba ɗalibansa wannan a matsayin aikin kammala karatu. Mai sutudiyo ɗaya ya ba da ɗakinsa na kwana biyu. Furodusa ɗaya ya biya makaɗi ɗaya haƙƙinsa cikin mutunci. A fara da kukuma ko goge, a gama shi da kyau, a sa a fim ɗaya mu ji. Kai kuma mai karatu, naka aikin bai fi biyu ba. In akwai kwalin kaset a gidanku, ka ɗauke shi daga inda rana da danshi ke samun sa, ka nemi wanda zai juye maka. Sannan in ka gama kallon fim, ka daure ka karanta sunayen ƙarshe, ka duba ko akwai sunan makaɗi ko guda. In babu, ka rubuto wa wannan mujalla ka tambayi daraktan dalili. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma masu gogen da suka rage ba yara ba ne.

Allah ya ba mu ikon gyarawa.